Salsalar Kaka ta Wajen Uwa a Ƙasar Abzin

An kafa garin Arlit a 1969 saboda yuraniyom. Kamfanin SOMAÏR ya fara haƙa a 1971, COMINAK kuma ta fara aiki a ramin Akouta a 1978, garin Akokan ya tashi a gefenta. Ma'aikata suka kwararo daga Damagaram da Maraɗi da Tawa da Yamai, suka tarar da makiyayan Abzin, mutanen su Gougaram da Iferwan, aka yi auratayya. Yau jikokin wannan haɗuwa ne ke tambayar asalinsu. Ta wajen uba abin da sauƙi, don sunan uba da na kaka suna nan a takardar haihuwa da katin aiki. Ta wajen mahaifiyar uwa kuwa, sau da yawa ba a samun komai sai "Inna" ko "Ba'abzina ce". Hujjar wannan maƙala ita ce, ba ƙarancin tarihi ne ya ɓoye wannan kaka ba. Hanyar binciken ce aka gina a kan maza, a ƙasar da dangantaka ta daɗe tana bin mata.

Kundin ƙidayar Turawan mulkin mallaka don haraji aka yi shi, shi ya sa mai gida da dabbobinsa ne suka dami marubuci. Takardun kamfani ma'aikaci suka sani. Alkunya ta ƙarasa sauran: a gidan Bahaushe ba a kiran tsohuwa da sunan yanka, har jika ya girma bai taɓa jin sa ba.

A Abzin kuwa al'amarin ya sha bamban. Heinrich Barth, wanda ya sauka Tintellust ya kuma shiga Agadas a 1850, ya lura cewa a wurin Abzinawan Kel Ewi ɗan 'yar'uwar sarki ne ke gadon sarauta, ba ɗan cikinsa ba. Johannes Nicolaisen ya yi dogon bayani a kan bin dangin uwa tsakanin Abzinawa a littafinsa na 1963. Bukkar tabarmi ta mace ce, da ita take zuwa gidan aure, da ita take tashi in auren ya mutu. Akwai kuma dabbobin da ake keɓe wa mata, waɗanda ake kira akh iddaren, ba a sayar da su, ba a raba su gado, nononsu na 'ya'ya mata ne da zuriyarsu. Saboda haka mai bincike da ya isa Gougaram yana tambayar "'yar wa ce?" kaɗai, ya bar hanya. Tambayoyin da ke buɗe baki su ne: a wane kwari suke cin rani, a wace rijiya suke shayarwa, wa ya saƙa mata tabarmin bukka, hannun wa awakinta suka koma? Tsohuwar da ta manta shekara ba ta manta rijiya.

Dole kuma a san inda igiyar ta tsinke. Bayan yaƙin Kawusan, da kewaye Agadas daga Disamba 1916 zuwa Maris 1917, ramuwar Faransa ta watsa mutanen Abzin, da yawa suka yi kudu. Farin 1973 da na 1984 sun kashe garkuna, suka tura iyalai unguwannin bukkoki na gefen Arlit. Tawayen 1990 zuwa 1995 da na 2007 zuwa 2009 sun sake tayar da ƙauyuka. Ga kuma ayarin gishirin Bilma da Fachi, wanda Gerd Spittler ya yi nazarinsa tare da Kel Ewi na Timiya: mazan kan yi watanni a ƙasar Hausa suna musayar gishiri da dabino da gero. Kakar da ake ce wa Ba'abzina, ba mamaki uwarta daga Damargu ko Katsina ta fito.

A nan ne ake zuwa wurin da iyalai ke sunkuyar da kai. Wasu kakannin ba mantuwa ce ta shafe su ba, ɓoyewa ce, domin asalinsu na bauta ne, ko an kawo su sa-ɗaka. Ƙungiyar Timidria ta fara yaƙi da bauta tun 1991, Nijar ta mai da bauta laifi a dokar 2003, kotun ECOWAS kuma ta ba Hadijatou Mani, wadda aka bautar, gaskiya a Oktoba 2008. Amma tabon bai bar zancen aure da limanci ba. Akwai masu cewa a bar kaza cikin gashinta, kuma damuwarsu ba ta banza ba ce, tunda tonon asali na iya hana yarinya miji. Duk da haka ban yarda a ƙirƙiro wa kaka salsalar sarauta ko ta sharifai don a rufe gaskiya ba. Matar da aka raba da garinsu, aka sake mata suna, ta raini zuriya guda, bai kamata jikokinta su sake shafe ta da hannunsu ba. Abin da ya wajaba shi ne a nemi yardar dangi kafin a buga, a kuma bambanta abin da za a adana da abin da za a yaɗa.

Gwajin ƙwayoyin halitta da ke bin layin uwa yana iya nuna yanki, amma ba ya ba da suna ko rijiya. Kundin tarihi na ƙasa da cibiyar bincike ta IRSH a Yamai suna taimakawa wajen tantance shekaru da ƙaurar ƙabilu. Tushen aikin dai bakin tsofaffin mata ne, a ji kowace ita kaɗai, da Tamajak ko Hausa, sannan a gwama ruwayoyin. Tun da COMINAK ta rufe a ƙarshen Maris 2021 iyalai suke barin Akokan, kuma matan da suka shiga Arlit suna amare a shekarun 1970 yanzu sun haura sittin. Jami'ar Agadas ce ta fi kusa da su, ita ya kamata ta tura ɗalibai mata da na'urar ɗaukar murya.