Dalilin da ke hana ROLLBACK dawo da teburin da aka share a MySQL

Amfanin transakshan a rumbun bayanai shi ne, idan aka haɗa ayyuka da yawa a cikinsa, ko dai duk su tabbata ko kuma a fasa su baki ɗaya. Da zarar wani mataki ya ci tura, sai a ba da umarnin ROLLBACK, komai ya koma yadda yake. Wannan tabbaci yakan warware shiru wajen kwashe abin da ke cikin tebur.

A ɗauki manhajar da ke sabunta farashin kaya kowane dare. Tana buɗe transakshan, ta share tsohon tebur da TRUNCATE, sannan ta shiga zuba sabon farashi daga fayil. Ana tsakiyar zubawa sai aka ci karo da gurɓataccen layi, manhajar ta kira ROLLBACK. Gari ya waye tsohon farashi ya tafi, rabin sabon kuma yana zaune daram.

Matsalar ta faru tun kafin a iso ga ROLLBACK. A wurin MySQL, TRUNCATE yana cikin umarnin da ke taɓa ginin tebur, domin rushe shi yake yi ya sake ƙirƙirar wani fanko. Irin wannan umarni kuwa da kansa yake rufe transakshan, ya tabbatar da duk abin da ya gabace shi. Daga nan, in an bar rumbun a kan saitinsa na asali, kowane INSERT tabbata yake yi nan take. Fitowar MySQL 8.0 a 2018 ba ta sauya wannan ba, kuma a Oracle ma TRUNCATE da kansa yake rufe transakshan.

Abin da ke ƙara rikita masu rubuta manhaja shi ne PostgreSQL da SQL Server suna barin a janye TRUNCATE, SQLite kuwa ba shi da umarnin ma sam. Saboda haka manhaja tana iya cin duk gwajin da aka yi mata a kan wani rumbun, ta zo ta yi ɓarna a kan wani.

Gyaran shi ne a sa DELETE FROM a madadin TRUNCATE, muddin teburin na injin InnoDB ne, don MyISAM bai san transakshan ba. DELETE yana bin layi ɗaya bayan ɗaya yana adana abin da za a buƙata in an fasa, shi ya sa yake da nawa a babban tebur. In kuma teburan suna da alaƙa da juna, a fara share waɗanda suka dogara da wasu, sannan a zo kan waɗanda aka dogara da su. Haka nan DELETE ba ya mayar da lambar AUTO_INCREMENT farko, kuma wanda ya ce zai mayar da ita da ALTER TABLE a cikin transakshan ya sake faɗawa ramin da ya fito. Sai bayan COMMIT ake yin wannan.

A ganina jinkirin DELETE bai kai asarar bayanan mutane ba. Duk wanda ya yi wannan gyara, ya sa gurɓataccen layi da gangan a kan irin rumbun da manhajar za ta yi aiki da shi, ya ƙirga layukan tebur bayan ROLLBACK, ya ga sun yi daidai da na farko kafin ya saki manhajar.