Upholder, Jirgin Da Bai Koma Gida Ba

A zamanin Yaƙin Duniya na Biyu, wanda dattawanmu ke kira Yaƙin Hitila, sojojin Jamus da Italiya da ke Libiya ba su da mai ko makami sai abin da aka ƙetaro musu da shi ta Bahar Rum. Tsibirin Malta kuwa yana kan hanyar. Nan Ingila ta girke jiragen yaƙi masu tafiya a ƙarƙashin teku, cikinsu har da Upholder, ɗan ƙarami mai ɗaukar mutum talatin da 'yan kai, a hannun Malcolm Wanklyn.

Fitarsa ta farko-farko ba ta yi armashi ba. Sai ran 24 ga Mayu 1941, kusa da Sisili, ya yi kiciɓis da Conte Rosso, ƙaton jirgin fasinja maƙare da sojoji zuwa Tarabulus. Na'urar sauraronsa ta lalace, ga jiragen rakiya kewaye, amma Wanklyn ya kutsa ya harba. Mutum wajen 1,300 suka halaka, shi kuwa aka ba shi lambar Victoria Cross. Masu ba da labarin sun fi tuna lambar da waɗanda ruwa ya ci. A watan Satumba ya nutsar da Neptunia da Oceania rana guda.

Ran 6 ga Afrilu 1942 ya bar Malta a fita ta 25, wadda daga ita za a mayar da shi Ingila gyara. Bai dawo ba, kuma ko mutum ɗaya bai tsira ba.