Shirin ɗaukar ciki da hoton ciki a yankin noman rani na Kura da Bunkure

Tun bayan kammala madatsar ruwa ta Tiga a shekarar 1974, ruwa ba ya yankewa a magudanan da suka ratsa Kura da Bunkure da Garun Malam, a kudancin birnin Kano. Da wannan ruwa ne ake noman shinkafa da alkama da tumatir da albasa, rani da damina.

To sai dai ruwan da ya kawo arziki shi ne kuma ya sa sauro ba ya ɗaukewa a yankin, ko da a tsakiyar rani. Haka nan a magudanan ne ake samun ƙananan dodon koɗi masu yaɗa cutar tsargiya. Cututtukan biyu suna shanye jini, kuma mace mai ciki tana daga cikin waɗanda suka fi jin jiki.

Alkaluman Hukumar Lafiya ta Duniya, watau WHO, na shekarar 2023 sun nuna cewa fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na matan da suka rasu a duniya ta dalilin ciki ko haihuwa, a Najeriya suke.

Kafin ciki ya shiga

A wurin likitoci, kula da ciki yana farawa ne tun kafin a same shi. Dalili kuwa shi ne, lakar baya da ƙwaƙwalwar ɗan tayi suna haɗuwa ne a cikin kwanaki 28 na farko, lokacin da mace ba ta ma tabbatar ɓatan wata ta yi ba.

Saboda haka ake ba macen da ke neman haihuwa shawarar ta fara shan ƙwayar folik asid tun da wuri, ta ci gaba har ciki ya kai makonni 12. Ƙwayar tana rage haɗarin haihuwar jariri da buɗaɗɗen gadon baya. Bayan haka a gwada yawan jininta, da hawan jini, da ciwon sukari. Idan tana ganin jini a fitsari, a yi mata maganin tsargiya kafin ciki ya zo ya tarar da ita ba jini.

A shekarar 2024 gwamnan jihar Kano, Abba Kabir Yusuf, ya sa hannu a dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin aure, ciki har da na amosanin jini da cuta mai karya garkuwar jiki da ciwon hanta. Ma'auratan da aka ɗaura wa aure kafin dokar su ma suna iya yin gwajin.

WHO tana kuma ba da shawarar a bar aƙalla watanni 24 tsakanin haihuwa da ɗaukar wani cikin, abin da ya yi daidai da shekaru biyun shayarwa da Musulmi suka sani.

Akwai kuma batun maganin feshi, wanda ake yawan amfani da shi a gonakin tumatir. Matar da ba ta taka gona ba ma tana iya haɗuwa da shi idan ita ce ke wanke kayan mai feshin, ko kuma aka mayar da jarkar maganin abin zuba ruwa.

Mene ne hoton ciki?

Hoton ciki, wanda aka fi sani da sikanin, na'ura ce mai aika sautin da kunnen mutum ba ya ji zuwa cikin jiki. Sautin yakan bugi gaɓoɓi ya dawo, sai kwamfuta ta mayar da shi hoto. Wani likita mai suna Ian Donald da abokan aikinsa ne suka fara bayyana amfaninsa a birnin Glasgow na Birtaniya a shekarar 1958.

Ba ɗaya yake da hoton ƙashi ba, domin babu burbushin haske mai illa a cikinsa. Ana shafa wani mai a kan fatar ciki, a ɗora kan na'urar, ba allura, ba yanka. Idan cikin ƙarami ne akan ce mace ta sha ruwa ta riƙe fitsari, domin hoton ya fito sosai.

Lokacin da ya fi amfani

A shekarar 2016 WHO ta ba da shawarar a yi wa kowace mai ciki hoto sau ɗaya kafin ciki ya kai makonni 24, kuma ta ga ma'aikacin lafiya aƙalla sau takwas kafin ta haihu.

A nan ne al'ada da shawarar likitoci suke saɓawa. Mata da dama, musamman masu cikin fari, kunya takan hana su faɗin suna da ciki sai ya fito, wasu kuma sai maigida ya gama da aikin gona kafin ya samu sukunin kai su asibiti. Kafin a je awo, ciki ya kai wata shida ko bakwai.

Alhali kuwa a watanni ukun farko, hoton yana iya faɗin kwanakin ciki da kuskuren da bai wuce mako guda ba. A watannin ƙarshe kuskuren yana iya kai makonni uku, wanda hakan ba ƙaramin abu ba ne idan likita zai yanke hukunci ko ciki ya wuce lokacinsa, ko kuma naƙudar da ta taso ta bakwaini ce.

Hoton farko ne kuma ke nuna ko cikin ya zauna a wajen mahaifa, abin da ke iya hallaka mace cikin 'yan sa'o'i idan ya fashe. Shi ne ke nuna tagwaye. Tsakanin makonni 18 zuwa 22 ake duba kai da zuciya da gadon bayan ɗan tayi, da kuma inda mabiyiya ta kwanta. Sau da yawa mabiyiyar da aka gani a ƙasa takan matsa sama yayin da mahaifa ke girma, amma idan ta tare hanya, dole a haihu a asibitin da ke iya tiyata da ƙarin jini.

Ga macen da ke wani ƙauye a bayan Bunkure, sanin haka tun da sauran watanni yana nufin za a tanadi mota da kuɗi da mai ba da jini, a kuma san ko Babban Asibitin Kura za a nufa, ko na Murtala Muhammad, ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Neman waɗannan abubuwa da tsakar dare, mace tana zubar da jini, shi ne jinkirin da ke cinye rayuka.

Abin da hoton ba ya gani

Tambayar da aka fi yi wa mai hoto ita ce ko namiji ne ko mace, ko da yake ita ce mafi ƙarancin amfani, kuma akan yi kuskure a kanta.

Babbar matsalar ita ce yadda wasu ke ɗaukar takardar hoto a matsayin ta wadatar, su daina zuwa awo. Na'urar ba ta auna hawan jini, wanda ke kai mai ciki ga jijjiga. Ba ta nuna ƙarancin jini, ba ta kuma nuna ƙwayoyin zazzaɓin cizon sauro da ke taruwa a mabiyiya su tauye girman jariri, ko da uwar ba ta jin zazzaɓi.

A wurin awo ne ake ba da maganin ƙarin jini, da allurar rigakafin sandarewar wuya, da gidan sauro mai magani. A nan ne kuma ake ba da maganin rigakafin zazzaɓi da aka fi sani da Fansidar, wanda ake farawa daga mako na 13, a riƙa sha wata-wata aƙalla sau uku.

Kyawun hoto kuma ya dogara ne ga hannun da ya ɗauke shi. Shagunan sikanin sun yawaita a garuruwa, kuma ba dukkan masu su ne suka samu horo ba, don haka ya kamata a mayar da takardar ga ungozoma ko likitan da ke duba cikin, su haɗa ta da sauran gwaje-gwajen da aka yi.