Malamin Ci-rani da Malamin Zama: Tarihin Riƙon Malamai a Makarantun Bakin Gada

Duk shekara idan an koma karatu bayan babbar Salla, tambayar da iyaye ke yi wa juna a ƙofar masallaci ba ta wuce ɗaya: "Shin malamin su wane ya dawo kuwa?" Sau tari amsar ita ce ya tafi gida Salla, kuma ya aiko a sayar masa da katifarsa. Daga nan sai kwamitin makaranta ya shiga cigiyar wani, yara kuma su koma baya su sake abin da suka riga suka wuce.

Makarantunmu na nan Bakin Gada, wato Hedbirij, da na 'yan'uwanmu a Inugu da Fatakwal, ko na allo ko Islamiyya ko 'yan firamaren da jama'a suka kafa, gwamnati ba ta gina su ba, ba ta kuma biyan malamansu. Mu ke nemo malami, mu ke riƙe shi. Don haka yana da kyau mu waiwaya mu ga yadda magabatanmu suka yi da wannan nauyi, tunda da tsohuwar zuma ake magani.

Yadda malami ya fara zuwa

Tun kafin a gina gada, Kogin Kwara shi ne hanya. Fataken Nufawa da Hausawa suna gangarowa ta Lakwaja da Ida har kasuwar Anacha. Da Kamfanin Royal Niger ya kafa hedikwatarsa a Asaba a 1886, cikin dakarunsa akwai Hausawa da dama. A ƙarshen wannan ƙarni kuma maharba giwa daga Arewa suka yada zango a Elele, kusa da inda Fatakwal take a yau. Sai aka gano kwal kusa da Inugu a 1909, jirgin ƙasa ya haɗa Inugu da Fatakwal a 1916, aka gama gadar jirgi ta Makurɗi a 1932. Shanu da wake da albasa suka riƙa sauka, manja da sauran kayan Kudu suna hawa. Sunayen tituna irin su titin Bida da titin Sakkwato a cikin Anacha har yau suna shaida wannan daɗaɗɗen zama.

Inda duk fatake suka sauka, malami na biye. Sai dai a farko ba don koyar da yara ya zo ba, domin babu yaran. Aikinsa shi ne jan salla, da wankan gawa, da rubuta wasiƙar ajami zuwa gida, da addu'ar neman sa'ar kasuwa. Sai da maza suka fara kawo iyali, aka fara suna da ɗaurin aure a zango, sannan aka ji ƙarar yara suna biya allo a zauren maigida. Ke nan makarantarmu ta farko a zaure aka haife ta, kuma mai zauren shi ke ɗauke da malamin.

Zamanin maigida

Wani masani mai suna Abner Cohen ya zauna a Sabon Ibadan, ya fitar da littafi a 1969 kan yadda Hausawan can ke tafiyar da fataucin shanu da goro. Abin da ya nuna shi ne komai na zango a wuyan masu gida yake rataye: su ke saukar baƙo, su tsaya masa a ciniki, su ciyar da shi, kuma malamai na da babban matsayi a wannan tsari. Duk wanda ya tashi a unguwarmu, ko bai karanta littafin ba, ya san hoton.

Malami a wancan lokaci ba ya da albashi. Yana da ɗaki a gidan maigida, ana fito masa da tuwo dare da rana. Yara na kawo kuɗin Laraba. In yaro ya kai wata sura ta musamman a yi sadaka, in ya sauke a yi walima a yi wa malam riga. Zakkar 'yan kasuwa da zakkar kono da fatun layya duk suna bi ta ƙofarsa.

Amma akwai abu guda da malamin Arewa ke da shi wanda na Kurmi bai samu ba, wato gona. A ƙauyukan Kano ko Katsina, malami na noma abin da zai ci shekara, almajirai na taya shi. A nan kuwa ƙasa ta masu gari ce, mu kanmu haya muke. Saboda haka yawancin malaman da ke zuwa 'yan ci-rani ne: su sauko bayan kaka, da an ga hadarin farko su ɗaure littattafai su koma gona. Baƙo raɓa ne, in ji Hausawa. Yaro kan yi wata biyar yana karatu, ya yi wata bakwai yana mantawa.

To, su waɗanda suka zauna fa, me ya zaunar da su? Idan muka bi tarihin gidajen malamai da suka kafu a unguwanninmu, kusan hanya ɗaya za mu tarar. Wani maigida ya ga nagartar malami, sai ya ba shi 'yarsa ko 'yar riƙonsa, ya ware masa sashe a gida, ya ba shi ɗan jari ko ya sa shi cikin rabon la'ada, jama'a kuma suka ba shi limanci ko na'ibanci. Daga ranar ya daina zama malamin wane, ya zama surukin unguwa. Wanda matarsa da 'ya'yansa da abin sana'arsa ke nan, hadarin damina ba ya tayar masa da hankali.

Abin da maƙwabta suka yi

A daidai wannan zamani maƙwabtanmu suna kan wata hanya. Mishan ɗin Angilika sun sauka Anacha a 1857, ƙarƙashin Samuel Ajayi Crowther da J. C. Taylor, Katolika kuma suka iso a 1885. Bishop Shanahan ya mayar da makaranta ginshiƙin aikinsa, har kusan kowane ƙauye ya samu tasa. Sun gane da wuri cewa ba za su dogara da malaman da ake kawowa daga nesa ba, sai suka buɗe wuraren horar da 'ya'yan gari: kwalejin Angilika a Awka tun 1904, da St. Charles a nan Anacha a 1928. Kuma ƙauyen da ke son makaranta, shi ke gina gidan malami.

Iyayenmu sun ƙaurace wa waɗannan makarantu saboda tsoron a canza wa yara addini, kuma tsoron yana da dalili. Wannan bai hana mutanenmu shiga harkokin gari ba. Malam Umaru Altine, Bafulatani daga ƙasar Sakkwato, shi ne magajin garin Inugu na farko. Duk da haka malaman yaranmu daga Arewa aka ci gaba da ɗauko su. Wurin da aka gwada shuka malamai a cikin ƙasar Ibo shi ne Enohia ta Afikpo, inda Shehu Ibrahim Nwagui, almajirin Shehu Ibrahim Inyas, ya musuluntar da jama'a a 1958, daga baya aka kafa makarantar da ta yaye ɗalibai masu yawa. Wanda aka koyar a garinsu, garinsu yake koyarwa.

Ranakun tashin hankali

An gama gadar Kwara a 1965. Ba a ci moriyarta ba sai ga rikicin 1966, wanda ya lashe rayukan Ibo masu yawa a Arewa, ya kuma sa 'yan Arewa suka kwashe daga Gabas. Yaƙin basasa ya ɗauki 1967 zuwa Janairun 1970, babbar kasuwar Anacha ta ƙone, gadar kanta ta karye. Zaurukan karatu duk suka watse. Haka kuma a Fabrairun 2006, bayan rikicin Maiduguri, aka yi ramuwar gayya a nan Anacha, aka rasa rayuka, aka ƙona masallatai, mutanenmu suka tsallaka Asaba ko suka fake a barikin soja.

A duk lokuta biyun, ɗan kasuwa ya riga malami dawowa, kuma dalilin a fili yake. Ɗan kasuwa na da bashi a hannun mutane, yana da rumfa, yana da abokan ciniki da ba zai samu irinsu a wani wuri ba. Malami kuwa jarinsa na cikin ƙirjinsa da gafakarsa. Duk garin da ya sauka akwai yaran da za a ba shi. In ba wani abu ya ɗaure shi a nan ba, don me zai sake ratso Lakwaja da iyalinsa? Har yau, duk wanda ya taɓa zuwa Zariya ko Kano neman malami ya san cewa kafin a yi maganar kuɗi, sai mahaifiyar malamin ta tambaya ko akwai zaman lafiya.

Zamanin albashi

Bayan yaƙi, gwamnatin Jihar Gabas ta Tsakiya ƙarƙashin Ukpabi Asika ta karɓe makarantu daga hannun mishan a 1970, sannan shirin ilimin firamare kyauta na ƙasa baki ɗaya ya zo a 1976. Yaranmu suka fara shiga boko da safe, karatun addini ya koma yamma da Asabar da Lahadi. Tsarin Islamiyya mai aji da benci da rajista, wanda ya riga ya yaɗu a Arewa, ya iso mana ta hannun ƙungiyoyi irin su Jama'atu Nasril Islam da aka kafa a 1962, da Fityanul Islam, da Izala da aka kafa a Jos a 1978. Daga baya wasu makarantun suka haɗa boko da Arabiyya a rufi ɗaya.

A nan ne riƙon malami ya canza hannu, daga maigida ya koma kwamiti. Sabon malami matashi ne mai takardar shaida, wataƙila ta makarantar Arabiyya ko ta NCE, kuma da albashi aka yi yarjejeniya da shi. Tunda ana biyan kuɗin makaranta, sai tuwon dare da ɗakin kyauta da rabon zakka suka janye a hankali, kowa na ganin ai an biya shi. Shi kuwa albashin daga kuɗin makaranta yake fitowa, wanda ke shigowa yau, gobe ya maƙale. Malami ya rasa inuwar tsohon tsari, bai samu cikakkiyar ta sabo ba.

Mu duba lissafin yau. Mafi ƙarancin albashi ya tashi daga naira 18,000 a 2011 zuwa 30,000 a 2019, sannan 70,000 a 2024, amma dokar ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, kuma yawancin makarantunmu a nan suke. Mai yi wa ƙasa hidima yana karɓar 77,000 tun 2025. An cire tallafin mai a Mayun 2023, kuɗin motar zuwa gida ya yi tashin gwauron zabo. Zaman gida na ranar Litinin da aka fara a Agustan 2021 ya ci kasuwa, ya ci aljihun iyaye. Gwamnatin Anambara ta ɗauki malamai 5,000 a 2022, kuma ba wanda zai zargi malamar Turanci ko lissafi 'yar gari in ta bar mu ta tafi inda ake fansho. Matashin da ya ga abokinsa mai turin baro ko mai ɗan teburin canji ya fi shi samu, sai Allah ya sa masa haƙuri na musamman. Malamai mata kuma, waɗanda su ne ƙashin bayan ƙananan azuzuwa, aure kan ɗauke su zuwa Arewa.

Abin da tarihin ke nuna mana

Wasu sun samu mafita ta hannun hukuma. A Gana, tun 1987 aka kafa sashen ilimin Musulunci a ma'aikatar ilimi, inda gwamnati ke tura malaman boko makarantun zango tana biyansu. A nan Anambara, Gwamna Peter Obi ya mayar wa mishan makarantun firamare sama da dubu a 2011, gwamnati ta ci gaba da biyan albashin malamansu. Mu ma masu biyan haraji ne, kuma babu laifi Sarkin Hausawa da shugabannin kasuwa su nemi a turo wa makarantunmu masu rajista malaman Turanci da lissafi.

Amma kafin wannan ta samu, abin da ke hannunmu shi ne abin da magabata suka yi, a sabuwar riga. Masauki ne na farko: makarantar da za ta ƙara aji, gara ta fara kama wa malami ɗaki da falo inda zai ajiye iyali. Na biyu, albashi ya samu tushen da ba ya jiran kuɗin makaranta, ko shago ne na waƙafi, ko wani abu ƙayyadadde da ƙungiyoyin 'yan shanu da 'yan gwari da 'yan canji za su riƙa warewa kan kowace mota. Da ruwan ciki akan ja na rijiya. Na uku, a bar wa malami lokacin sana'a, a taimaka masa da jari, a san ranar tafiyarsa gida da kuɗin motar dawowarsa. Na huɗu daraja. Nana Asma'u 'yar Shehu, da za ta tura jajis koyar da mata a ƙauyuka, malfa da jan rawani take naɗa musu don kowa ya san matsayinsu. Uban da ke shiga aji ya yi wa malami tsawa gaban yara, shi ke rubuta masa takardar sallama.

Mafi girma duka shi ne mu shuka namu. Yaron da aka haifa a nan yana jin Hausa, yana jin Ibo, yana jin Turancin kasuwa, ya san lungu da saƙo, kuma in an yi Salla gidansu na nan bayan masallaci. Ga kwalejin ilimi ta Nsugbe kusa da mu, ga ta Asaba a tsallaken gada. In kowace ƙungiyar kasuwa ta ɗauki nauyin yaro ko yarinya ɗaya har su samu NCE, da sharaɗin su koyar a unguwa na wasu shekaru, kafin 'yan aji ɗaya na bana su gama firamare za mu ga bambanci.

Allah ya jiƙan malaman da suka bar garuruwansu suka koyar da mu, ya gafarta wa masu gidan da suka riƙe su, ya ba mu ikon riƙe na yanzu. Amin.