Yadda Masu Ɗaukan Hoto Suka Daina Sallama

A cikin shekara ta 1838 wani Bafaranshe mai suna Louis Daguerre ya kafa akwatinsa a tagar bene a birnin Faris, ya ɗauki hoton wani babban titi. Titin nan ba ya rabuwa da kekunan doki da masu tafiya a ƙasa, amma in ka dubi hoton sai ka ce an yi shara, ba kowa. Dalili kuwa, a zamanin nan sai an bar idon akwatin a buɗe har 'yan mintoci, duk abin da ya motsa ba ya fita. Mutum guda ne ya fito sosai, wani da ya tsaya a kusurwa ana goge masa takalmi. Har yau ba wanda ya san sunansa.

Wannan dai katari aka yi. Shekara hamsin da suka biyo baya, da wuya a ɗauki hoton mutum bai sani ba. Akwatin yana da nauyi, sai an kafa shi bisa ƙafa uku, ga gilasai, ga kwalaben magani. Matafiyi in ya ga wanda ya ke so ya ɗauka, tilas ya tsaya ya gaishe shi, ya roƙe shi ya zauna kada ya motsa. Watau na'urar da kanta ta ke koya wa mai ita ladabi. Amma fa ba kowane “to” ne yarda ba. Talakan da Bature ya tsayar, ga soja a bayansa, ina ya ga bakin ƙi?

A 1888 George Eastman na garin Rochester a Amurka ya fito da wani ƙaramin akwati, ya sa masa suna Kodak. Kuɗinsa dala 25, yana ɗaukan hoto 100, in ya cika sai ka aika da shi kamfani a wanke maka. A 1900 kuma aka yi wani na dala ɗaya tak. Shi ke nan, kowa ya zama mai hoto, ba sauran gaisuwa. Jaridu suka yi ta kuka da masu laɓewa a bakin teku suna ɗaukan mata. A 1890 wasu lauyoyi biyu na Boston, Samuel Warren da Louis Brandeis, suka rubuta cewa mutum yana da hakkin a ƙyale shi, suka ambaci irin wannan hoto na farat ɗaya cikin abubuwan da ke keta masa sirri.

Jirgin ƙasa ya ƙara wa abin ƙarfi. A jihar Arizona akwai wata kabila ta mutanen asalin ƙasar, Hopi, masu wata rawa ta roƙon ruwa wadda a ke yi da macizai masu rai. Ibada ce a wurinsu. Baƙi kuwa suka mai da ita kallo, suka riƙa cika ƙauyen Walpi, suna hawa soraye, suna kutsawa da akwatunansu har kusa da masu rawa. Tsohon shugaban ƙasa Theodore Roosevelt ma ya je a 1913. Kafin 1920 aka hana ɗaukan hoton rawar, har yanzu kuma ba a yarda baƙo ya ɗauki hoto a ƙauyukan Hopi.

To, wanda ya fi ba da tunani shi ne labarin Dorothea Lange, gama ita ba 'yar yawon kallo ba ce, gwana ce, mai tausayi kuma. Gwamnati ta ɗauke ta ta nuna halin da talakawa ke ciki lokacin da tattalin arzikin Amurka ya karye. A watan Maris na 1936 tana komawa gida a mota, ta gaji, sai ta wuce wani zango na masu tsinkar wake kusa da Nipomo a jihar Kalifoniya. Ta yi wajen mil 20 sa'an nan ta juyo. Sanyi ya lalata gonakin, ba aiki, ba abinci. Ta tarar da wata mata zaune a bakin tanti, ga jinjiri a cinya, ga yara sun jingina da ita. Cikin kamar minti goma ta ɗauki 'yan hotuna, ta koma mota. Ita da kanta ta rubuta a 1960 cewa ba ta tambayi matar sunanta ba, ba ta kuma tambayi labarinta ba. Shekarunta dai ta ji, 32.

Hoton ya yi aiki. Da wata jaridar San Faransisko ta buga labarin, gwamnati ta aika da abinci laba 20,000 zangon. Sai dai kafin ya iso matar ta tashi da iyalinta. Ashe ba ma 'yar zangon ba ce, motarsu ce ta lalace a hanya, tana jiran waɗanda suka tafi gyara. An kuma rubuta cewa sun sayar da tayoyin motarsu sun sayi abinci, 'ya'yanta suka ce ba a yi haka ba. Tambaya biyu da ta raba gardama, amma mai hoto tana sauri.

Shekara 42 fuskar matar nan tana yawo a duniya ba suna. Sai a 1978 wani ɗan jarida ya same ta a Modesto: Florence Owens Thompson ke nan, 'yar kabilar Cherokee. Ta ce da ma ba a ɗauke ta ba, ta ce an yi mata alkawari ba za a sayar da hoton ba, ko anini kuma ba ta samu ba. Lange ta riga ta rasu tun 1965, ba halin a ji ta bakinta. A yi mata adalci dai, hoton na gwamnati ne, ita ma ba a biyanta in an buga shi.

A 1983 ciwo ya kwantar da Thompson, 'ya'yanta suka nemi taimako a jarida. Da yake yanzu an san sunanta, mutane suka aiko da wasiƙu da kuɗi fiye da dala 30,000. Ta rasu a watan Satumba na shekarar. A 1998 gidan waya na Amurka ya sa hoton nan a kan sarki.