Hatsi da Kifin Kiwo a Ƙasar Daura

Ƙasar Daura ƙasar rijiya ce, ba ta da babban kogi. Tarihinta ma daga bakin rijiyar Kusugu ake faro shi. Saboda haka a zamanin da, kifin da mutanenta ke ci galibi banda ce da fatake ke kawowa daga wajen Tafkin Chadi, sai ɗan abin da masunta ke samu a tafkuna bayan damina.

Abubuwa biyu suka sauya wannan hali. Na farko shi ne farin 1972 zuwa 1974, wanda ya janye ruwan Chadi ƙwarai. Na biyu kuwa kiwon kifi ne, wanda gwamnatin Turawa ta soma gwadawa a Panyam ta ƙasar Filato a 1951. Daga baya madatsun Daberam da Sabke suka ba ƙasar Daura ruwa mai kwana har rani, sa'an nan daga shekarun 2000 kiwon tarwada a tankunan siminti ya bazu a Nijeriya.

To, a nan ne matsalar abinci ta taso, domin shi ke cinye fiye da rabin kuɗin mai kiwo. Tarwada tana bukatar furotin, wato sinadarin gina jiki, kimanin kashi 40 cikin 100 na abincinta, shi kuwa tsada gare shi. Sitacin masara da dawa ya fi araha, kuma yana da amfani: idan kifi ya sami ƙarfi daga sitaci, sai furotin ya tafi ga gina tsoka. Amma kifi ba ya saurin sarrafa sukarin jini kamar ɗan Adam. In sitaci ya yi yawa, sai sukari ya daɗe a jini, kitse ya taru a hanta, girma ya ja baya. Karfasa, mai cin tsiro, ta fi kifaye masu farauta jure sitaci. Har ila yau, dafaffen sitaci ya fi ɗanye narkewa.

Ke nan wanda ya cika wa kifinsa dusa da tsaki don gudun tsadar tunkuza da garin kifi, arahar ba ta yi masa ado ba. Ya kamata malamin gona ya tuna cewa a ƙasa mai ƙarancin ruwan sama irin Daura, kowane mudun hatsi da aka zuba wa kifi daga rumbun iyali ya fito.