Niseko: yadda garin ƙanƙara ya sauya wani ƙauye a Japan

1/ Jama'a, ku zo mu je arewacin Japan. Idan mai wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara ya daɗe bai hau dutse ba, ya ce zai koma, sunan da zai fara ji shi ne Niseko. Me ya sa? Ku biyo zaren nan.

2/ Dusar ƙanƙara iri-iri ce. Akwai jiƙaƙƙiya mai nauyi, akwai busasshiya mai laushi kamar garin da aka tankaɗe. Ita wannan ta biyun 'yan wasa suke nema, domin mutum yana ratsa ta kamar yana shawagi, in ya faɗi ma da sauƙi.

3/ Niseko tana tsibirin Hokkaido. A lokacin sanyi, iska mai tsananin sanyi takan taso daga Siberiya, ta ratsa Tekun Japan ta kwashi danshi, ta ci karo da duwatsu, sai ta zubar. Kusan mita 15 ke sauka a shekara.

4/ Amma wasan kansa baƙo ne. A Janairun 1911 wani hafsan sojan Ostiriya, Theodor von Lerch, ya koya wa sojojin Japan zamiya a Takada, da sanda ɗaya tak a hannu. A 1912 ya je Hokkaido, har ya hau dutsen Yotei da ke kallon Niseko.

5/ Sai a 1961 aka kafa kujerun da ke jan mutane zuwa saman dutse a Hirafu, ɗaya daga wuraren wasa huɗu da ke jikin dutsen Annupuri. A 1972 birnin Sapporo ya karɓi gasar Olamfik ta lokacin sanyi, karo na farko a nahiyar Asiya.

6/ Ƙarshen shekarun 1980 kuɗi ya yi yawa a Japan. Kowane saurayi yana son kai budurwarsa dutse. A 1993 masu wasan sun kai kusan miliyan 18. Amma tattalin arziki ya riga ya karye, daga baya matasa suka watse, wuraren wasa da dama suka rufe.

7/ Abin mamaki, a duk shekarun nan yawancin mutane kan hanyar da aka daddale da inji suke wasa. Garin ƙanƙarar yana can cikin itatuwa, an zagaye shi da igiya, an hana shiga. Dukiya a bayan gida, ba mai taɓawa.

8/ Hanin yana da dalili. Wasu sun riƙa kutsawa ta ƙarƙashin igiya, ƙanƙara ta zaftaro ta binne su. An yi asarar rayuka. Hani bai hana mutuwa ba, domin mai son abu ba ya jin bari.

9/ Wani mahayin duwatsu mazaunin yankin, Akio Shinya, ya fara fitar da rahoton haɗarin zaftarewa kowace safiya. A 2001 aka kafa Dokokin Niseko: an yi ƙofofi a jikin igiyar, a buɗe su ranar da lafiya, a rufe ranar haɗari. Ta ƙofa kawai ake fita.

10/ A daidai lokacin 'yan Ostireliya suka gano wurin. Lokacin zafinsu ne lokacin sanyin Japan, kuma tazarar agogo ba ta da yawa. Suka zo wasa, suka sayi filaye, suka gina masaukai. Masu kuɗin Hong Kong da Singafo suka biyo baya.

11/ Kutchan, garin da aka sani da noman dankalin Turawa, ya shafe shekaru yana kan gaba a Japan wajen tashin farashin fili. Aiki ya samu, gaskiya ne. Amma haya da abinci sun yi tsada, har ma'aikatan otal na wahalar samun ɗaki.

12/ Sai korona ta zo a 2020. Japan ta rufe iyakokinta, ba ta buɗe wa 'yan yawon buɗe ido sosai ba sai Oktoban 2022. Dusar ta ci gaba da zuba, masaukai babu kowa. Garin ya gane yadda ya jingina da baƙi.

13/ Da aka buɗe, suka dawo da ɗoki, ƙafafu sun manta aiki. Nan ne haɗarin yake. Dokar yanzu ta ce duk mai fita ta ƙofa ya sa hular kwano, ya ɗauki na'urar da ake gano wanda ƙanƙara ta binne.

14/ Don haka wanda ya daɗe bai yi ba, kada hoton Instagram ya zaɓar masa dutse. Ya tambaya: akwai gangara mai sauƙi ta kwanakin farko? Akwai malami? Wa ke duba dutsen da asuba, kuma in ya ce a rufe ƙofa, ana jin maganarsa? A Niseko sai da aka rasa rayuka kafin a samu amsar tambayar ƙarshe.